Ranar da mai aiki ya kwanta, wa zai ɗauke shi?



A ranin da ya wuce mun kai ziyara wata cibiyar karatun manya a karkarar Mirya. Muka duba littafin kiran suna. Mutum 28 malamin ya rubuta a farkon karatu, amma 11 muka tarar zaune bisa tabarma. Muka tambayi inda sauran suke. Aka ce wane yana Damagaram yana kabu-kabu. Wane ya tafi arewa wurin haƙar zinariya. Biyu suna Kano, ɗaya yana Libiya. Ɗaya kuwa yana nan cikin gari, amma a kwance yake, wata 2 ke nan.

Da aka tashi daga karatu muka je gaishe shi. Saurayi ne mai mata ɗaya da ƴaƴa 3. Shi ma kabu-kabu yake yi a birni. Moton ba nasa ba ne, na wani mai hali ne, kullum da dare yana kai masa kuɗin yini. Ran nan da almuru ya yi karo da amalanke, ƙafarsa ta karye wuri 2. Kashegari mai moton ya aiko aka ɗauki moto, aka gyara, aka ba wani saurayi. Kafin azahar moton ya koma aiki. Mai ƙafa kuwa, matarsa ta sayar da awakinta 2, sannan ta fara awon hatsin da aka ajiye don iri.

Ba mu zo mu zagi mai moton ba. Abin da kowa ke yi shi ma ya yi. Amma tun daga ranar wata tambaya take damunmu, ita ce kuma muka kawo muku yau. Aiki ya sake kama a ƙasarmu. To, ranar da mai aiki ya kwanta, wa zai ɗauke shi?

Aikin jiya

Damagaram ba baƙuwar sana'a ba ce. A zamanin Sarki Tanimun, wanda ya rasu a 1884, an kewaye Birni da ganuwa, ayarin raƙuma na tasowa daga Tarabulus suna sauka a Zango. Akwai majema da dukawa, akwai marina, masaƙa da maƙera. Maƙeran Damagaram har manyan bindigogi suka ƙera wa sarki. Kowace sana'a tana da shugabanta, yaro kuma yana koyonta a hannun ubansa ko ubangidansa.

Kada wani ya ce muna yabon jiya don mun fara furfura. Jiya akwai baƙar wahala. Bayi ne suka yi babban rabo na aikin gonakin sarakuna. Da Nasara suka ci ƙasar a 1899 sai ga haraji da aikin dole, ba a soke aikin dolen ba sai a 1946. Babu maganin zazzaɓi irin na yau, babu allurar rigakafi. Mutane da yawa sun mutu da ƙuruciyarsu.

Amma akwai abu ɗaya da talaka mai ƴanci yake da shi, shi ne bai yin aiki shi kaɗai. Gida yana da gandu. Maigida da ƙannensa da ƴaƴansa suna noma tare, rumbu ɗaya, tukunya ɗaya. Kowa kuma yana da ƴar gamanarsa. Idan ɗaya ya kwanta da damina, kunyarsa ba ta zama saura, ƴan uwa sun nome. Idan gidan duka ya kasa, sai a kira gayya, a dama fura, samarin gari su fito da hauya su gama gonar a yini ɗaya. Ba a rubuta wannan a takarda ba, ba a kuma kira shi da wani babban suna ba. Amma shi ne asusun rashin lafiyar kakanninmu.

Yadda abin ya warware

Ba rana ɗaya ganduna suka watse ba. Gyaɗa ce ta fara koya wa kowa riƙe kuɗinsa. A shekarun 1960 ita ce babbar abin da Nijar ke sayarwa waje, ƙasar Damagaram da ta Maraɗi kuwa su ne tushenta. Kamfanin SONARA yana saye, akwai injinan matse mai a Matamaye da Magarya. Sai farin 1973 ya zo, cutar gyaɗa ta biyo baya a 1975. Gyaɗa ta faɗi, daga baya injinan suka tsaya. Amma haraji da biki da tufafi ba su daina neman kuɗi ba.

Yunwar 1984 ta ƙara tura mutane ci-rani. A watan Janairu na 1994 aka karya darajar sefa da rabi, kayan waje suka yi tsada, har da magani. A cikin wannan duka jama'a na ƙaruwa. Ƙidayar 2012 ta nuna jahar Damagaram ta fi kowace jaha ta Nijar yawan mutane, sama da miliyan 3 da rabi. A Kance da Magarya, gonar da kaka ya noma shi da iyalinsa yau jikoki 10 ne ke rabonta. Hatsin gida ba ya kaiwa wata damina. Dole saurayi ya fita neman abin cikawa.

Da aka buɗe matatar mai ta SORAZ a arewacin Damagaram, kan hanyar Tanut, a watan Nuwamba na 2011, mutane da yawa sun yi zaton aikin albashi ya zo wa kowa. Matatar an gina ta don tace ganga 20,000 a yini. Amma irin wannan masana'anta injuna ne ke yin yawancin aikinta, mutanen da take ɗauka kaɗan ne bisa yawan samarinmu, kuma masu ilimin sana'ar take nema. Sauran jama'a sai suka nufi inda ƙofa take buɗe: kabu-kabu, adaidaita, sayar da mai a kwalba, tura ruwa, cajin salula, feshin magani a gonar wani, ramin zinariya, ci-rani mai nisa.

Ku dubi waɗannan ayyuka da kyau. Dukansu halinsu ɗaya. Ana biya yau don aikin yau. Babu rumbu, babu gayya, babu takarda. Jikin mutum shi ne jarinsa. Ranar da bai fita ba, ranar ba a ɗora tukunya.

Abin da jiki ke biya

Mu fara da ɗan kabu-kabu, tunda shi muka fi gani. Kafin ya samu na cefane sai ya fara haɗa kuɗin mai moto da kuɗin mai. Don haka yake gudu, don haka yake ɗaukar mutum 2 da buhu, don haka yake kaiwa dare. Yana shaƙar ƙura da hayaƙi tun safe. Bayansa na ciwo, idonsa na ja. Sai wani aboki ya miƙa masa ƙwayar Tramol, ya ce ita ce maganin gajiya.

A nan muna so mu tsaya kaɗan, domin abin ya shiga ƙauyuka, har masu noman barema suna sha kafin su shiga gona. Tramol maganin ciwo mai tsanani ne, likita ne ke rubuta shi ga wanda aka yi wa aiki ko wanda ya ji mummunan rauni. Ba ya ƙara ƙarfi ko kaɗan. Abin da yake yi shi ne ya toshe bakin jiki, jiki ya kasa faɗin ya gaji. Hausawa sun ce jiki magayi. To, wanda ya hana magayi magana, wa zai gaya masa ya tsaya? Mai shan ta yakan fara da ƙwaya 1, bayan ƴan watanni 1 ba ta isarsa. Idan ta yi yawa tana kawo farfaɗiya, tana iya tsayar da numfashi. Ku tuna mutumin yana bisa moto, da matar wani da jaririnta a bayansa. Wanda ya saba da ita kuma, idan ya bari farat ɗaya sai jiki ya yi ta rawa, barci ya gagara. Kada a kore shi daga gida, kada a ɗaure shi. A raka shi likita a rage masa sannu a hankali.

Masu sayar da mai a kwalba, waɗanda ake kira ƴan ruwa-ruwa, su ma suna biya. Wanda ke zuƙo mai da baki ta tiyo, wata rana man zai sarƙe shi ya shiga huhu. Idan haka ta faru, ko yaro ya sha mai, kada a sa shi amai, kada a ba shi nono ko manja. Aman ne ke ƙara tura man cikin huhu. A kai shi likita nan take. Kada kuma a kwana da jarkokin mai a ɗakin da yara suke, ko kusa da murhu. Wannan sana'a ta nuna mana wani abu kuma. A ranar 29 ga Mayu 2023 sabon shugaban Najeriya ya ce an janye tallafin mai. Cikin ƴan kwanaki farashi ya ninka a can. Samarin Damagaram da suka yi shekaru suna ci daga wannan kwalba suka wayi gari riba ta gudu. Magana ɗaya aka yi a Abuja, tukunya ta mutu a Magarya.

A gona ma aiki ya sake. Da can ciyawa sai hauya. Yau a fadamun Gidimuni da Waca da kwarin Korama, da gonakin wake, sai ka ga yaro da tulun feshi a baya, ba takalmi, rigarsa jiƙe da magani, ana biyansa bisa kowane tulu. Maganin ƙwari guba ne, yana shiga ta fata kamar yadda yake shiga ta baki. Mai feshi ya sa riga mai dogon hannu da wando da takalmi, ya rufe hanci da baki. Ya yi feshi da sassafe ko da marece, iska na bayansa. Kada ya ci goro ko ya sha taba sai ya wanke hannu da sabulu. Idan ya gama ya yi wanka, a wanke tufafin daban. Robar magani kuwa a huda ta a binne nesa da rijiya, kada a zuba mata ruwan sha ko man girki. Wanda ya ji jiri, yawu na zuba, gani na dushewa, a cire masa tufafin, a wanke shi, a kai shi likita tare da robar maganin. Mai gona da ya ɗauki yaro feshi, shi ya kamata ya sayi sabulu da safar hannu. Kuɗinsu bai kai na tiya 2 ta wake ba.

Masu tafiya nesa

Tun da aka gano zinariya a Jado a 2014 samarinmu suke kwarara arewa. Wasu sun dawo da mota, kowa ya gan su. Waɗanda suka dawo da tari ba a yi musu kiɗa ba. Ƙurar dutsen da ake fasawa tana zama cikin huhu, ba ta fita, tana kuma buɗe ƙofa ga tarin fuka. Duk wanda ya dawo daga rami yana tari sama da sati 2, yana ramewa, yana zufa da dare, ya je a auna majinarsa. Maganin tarin fuka kyauta ne a likitocin gwamnati, wata 6 ake sha, kada a tsaya a tsakiya don an ji sauƙi. Ramin kansa yana cin mutane. A watan Nuwamba na 2021 ramuka sun rufta a ƙasar Ɗan Isa ta jahar Maraɗi, mutum 18 aka fara ƙirgawa sun rasu.

Mata ma sun shiga hanya. Ba za mu manta da watan Oktoba na 2013 ba, lokacin da aka tsinci gawar mutum 92 a hamada kusa da iyakar Aljeriya. Motocinsu ne suka lalace, ƙishirwa ta kashe su. Yawancinsu mata ne da yara, da yawa daga cikinsu ƴan ƙasar Kance. Ba kwaɗayi ya fitar da su ba, rumbu ne ya ƙare.

Akwai kuma ciwon da ba a gani a fata. Da can ɗan ci-rani sai ya dawo ake sanin abin da ya samo. Yau salula na aljihunsa. Alheri ce, domin yana jin muryar uwarsa, kuɗi kuma na isowa gida a yini ɗaya. Amma kullum tana ƙara: an yi haihuwa, an yi rasuwa, hatsi ya ƙare. Shi kuwa wata 3 ke nan ubangidansa bai biya shi ba, yana jin kunyar faɗi. Da yaƙin Libiya ya tashi a 2011 dubban ƴan Nijar suka dawo hannu rabbana. Mun san waɗanda har yau ba sa son zama cikin mutane. Wanda ya daina barci, ya daina cin abinci, ya daina magana, ba lalaci ba ne. Ciwo ne, kuma a gidan likita ana jin irin wannan kuka. A gida kuwa matarsa ce ke noma, ita ce ke ɗebo ruwa da itace, sau da yawa da ciki ko da goyo. Ranar awon ciki takan wuce ta saboda babu mai tsare mata gona.

Doka tana nan, amma ba ta iso ba

Ƙasarmu tana da dokar aiki, wadda aka sabunta a 2012. Tana da asusun ma'aikata da ake kira CNSS. Wanda ya ɗauki mutum aikin albashi, wajibi ne ya rubuta shi a wannan asusu. Idan ma'aikacin ya ji rauni a bakin aiki, asusun ne ke ɗaukar maganinsa. Akwai kuɗin iyali, akwai fansho idan ya tsufa. Akwai kuma ofishin mai duba harkar aiki a Damagaram, inda ma'aikaci ke kai kuka idan an danne masa haƙƙi. Duk wanda ke aikin wata-wata a kanti, ko gidan burodi, ko gareji, ko gadi, ya tambayi ubangidansa cikin ladabi: an rubuta ni?

Amma mu faɗi gaskiya. Mafi yawan masu zufa a ƙasar nan ba su cikin wannan littafi. An ɗinka rigar ne daidai jikin ma'aikacin ofis da na kamfani. Ɗan kabu-kabu da mai tura ruwa da mai feshi ba ta shige su ba. Ra'ayinmu shi ne hukuma ta nemo hanyar da su ma za su riƙa zuba kaɗan-kaɗan, daidai ƙarfinsu, su samu inuwa. Magajin gari da ke karɓar kuɗin lamba a hannun masu moto, ya dace ya tambayi kansa abin da ya mayar musu ranar hatsari. Sai dai wanda ƙafarsa ta karye yau ba zai jira sai an yi taro a Yamai ba.

Gayyar zamani

Matanmu sun riga mu gano hanya. Tun 1991 aka fara ƙungiyoyin Mata Masu Dubara a ƙasar Maraɗi, suka bazu har nan, har wasu ƙasashe suka kwaikaya. Mata suna haɗuwa kowane sati, kowace ta zuba abin da aka yanke, suna ba juna rance. Ƙungiyoyi da yawa suna ware wani ɗan kuɗi daban don ranar ciwo ko haihuwa ko gobara. Maza sun daɗe suna yi musu dariya. Yau akwatin matan ne ke biyan kuɗin maganin mazan.

Mu yi lissafi tare, kamar yadda muke yi bisa allo. A ce ƴan kabu-kabu 30 ne a tasha ɗaya. Kowa ya zuba dala 20 ranar Juma'a. A sati an tara dala 600, wato jika 3. A shekara, sati 52, an tara jika 156. Wannan kuɗi ba na biki ba ne, ba na rance don sayen salula ba ne. Na wanda ya kwanta ne: kuɗin kai shi likita, kuɗin magani, da tiyar hatsi ga iyalinsa har ya tashi. A samu akwati mai kwaɗo 3, makullan a hannun mutum 3, akwatin a gidan na huɗu. A samu littafi. Kowane zubi a rubuta, kowane fiti a rubuta, a karanta da ƙarfi gaban kowa. Ƙungiyoyi da yawa sun mutu ne saboda lissafin yana cikin kan mutum ɗaya. Ku da kuka koyi karatu da rubutu, ga inda ake bukatarku.

Wani zai ce: dala 20 ɗin ma ina na gan ta? Gaskiya ne akwai ranar da babu. Amma wanda ke sayen ƙwaya kullum ya lissafa abin da yake kashewa a sati, ya gaya mana. Wani kuma zai ce ciwo da lafiya na Allah ne. Haka ne. Damina ma ta Allah ce, amma ba mu taɓa ganin manomin da ya ƙi gina rumbu saboda haka ba.

Mai moto shi ma ya zuba. Yana cin gumin yaron kullum, bai dace ya san shi ranar lafiya kaɗai ba. Kuma ya sayi hular kwano tare da moton, kamar yadda ba a sayar da jaki a bar akumari. Raunin kai shi ne ya fi kashe masu moto, hular kuwa tana tare da yawa daga ciki, in dai an ɗaure igiyarta a haɓa.

Abu na ƙarshe da muka fara koyarwa a cibiyoyin da muke dubawa shi ne takardar yarjejeniya. Ba ta bukatar Faransanci, da Hausa ake rubuta ta, layi 6 sun isa. Sunan mai moto ko mai gona, da sunan mai aiki. Nawa za a biya, kuma yaushe. Wace rana ce ta hutu a sati. Idan abin aiki ya lalace, wa zai gyara. Idan mai aiki ya ji rauni, nawa ne rabon ubangida cikin kuɗin magani, kuma kwana nawa za a jira shi kafin a ba wani aikinsa. Sai shaidu 2 su sa hannu, mai unguwa ko liman ya gani, kowa ya riƙe kwafi ɗaya.

Saurayin nan mai karyayyar ƙafa ya fara takawa da sanda. Tunda ba ya iya fita, malamin cibiyar yana biyo masa da allo gida bayan la'asar. Da muka koma wancan wata mun tarar ya kai ga haɗa jimla. Abokan tasharsu 14 sun yarda su fara zubi bayan girbi, kuma shi suka zaɓa ya riƙe littafin.